Fentin da na dama a bokiti

Sunana Horace Tickner, kuma yatsuna takwas ne. Na fara da wannan ne don duk wanda ya ga ƙananan jiragen da nake haɗawa yakan ɗauka goma sha biyu gare ni. Biyun da babu suna can ƙarƙashin filin jirgin saman da yanzu aka mayar gonar sha'ir, tun ranar da Jamusawa suka jefo bam ya rufe mu da ƙasa a cikin rami, mu bakwai, aka tono ni ni kaɗai da sauran numfashi. Kunnena na hagu ma tun ranar ya ajiye aiki. Makaranta kuwa ina ɗan shekara goma sha ɗaya na bar ta na bi tumakin ubana, rubutun nan a soja na tsince shi. Amma a duk ƙauyukan da ke tsakanin Ashford da bakin teku, ka tambayi kowane mai haɗa ƙananan jiragen yaƙi wane ne gwani. Zai ɗan yi shiru tukuna, sannan ya faɗi sunana. Shirun nan na hassada ne.

Lokacin yaƙi ban tuƙa jirgi ba, ban kuma taɓa cewa na tuƙa ba. Aikina jikin jirgi ne. Inji na wasu ne, bindigogi na wasu ne, amma fukafukai da faci da fenti nawa ne. Jirgin da aka damƙa mini Hurricane ne, na wani matuƙi da ake kira Mista Larwood, dogo mai jan gashi, wanda ba ya shiga ciki sai ya buga fiffiken da tafin hannu sau biyu kamar mai gaida doki. Shi yana kai shi sama ana huda masa shi, ni ina ƙasa ina toshewa. Rabin jikin irin wannan jirgi na baya yadi ne aka ja a kan katako, saboda haka na fi riƙe allura da zare bisa ga guduma. Na san jirgin nan fiye da yadda na san fuskar matata Queenie. Ita ma ta sani, ta haƙura.

Shi na zauna na haɗa ƙaraminsa bayan na yi ritaya, inci ɗaya a madadin ƙafa biyu. Ba irin na robar nan ba da ake saya a kwali, a ɓalle a manna da gam kafin shayi ya huce. Nawa daga itacen tuffa na sassaƙa shi. Fukafukan na lulluɓe su da fallen gwangwanin taba da na buga har ya yi laushi kamar takarda, bayan kuma na ja masa yadi daga hankicin Queenie na zuwa coci. Shekara biyu cur. A cikin ta biyun hannuna ya fara rawa, har sai na danne wuyan hannun dama da na hagu idan zan ja layi. Likita ya ce ba raguwa zai yi ba. Na san ba zan ƙara yin kamarsa ba, shi ne na ƙarshe, shi ya sa na kai shi gasar ƙungiyarmu a watan Oktoba na 1978.

A zauren da ke bayan coci ake yin gasar, ranar Asabar. Kowane jirgi a kan madubi ake ɗora shi don a ga cikinsa, wato ƙarƙashinsa, gama ba a taɓa jirgin wani, ko alƙali bai isa ba. Alƙalin shekarar Malam Desmond Pettifer ne, malamin labarin ƙasa a sakandare, wanda lokacin da ake mana ruwan bama-bamai yana can Wales gidan gwaggonsa ana ba shi madara da cokali. Ba na ƙin mutumin. Ya san littafi, ba a raba shi da wannan. Yana yawo da ɗan ma'auni, da gilashin ƙara girma, da wani kati mai ninki uku da aka manna wa gutsattsarin fenti, kowanne da lambarsa a ƙasa. Katin nan ya fi yarda da shi bisa ga limamin cocinmu.

Da ya iso kan nawa mutane suka taru a bayansa. Ya auna fiffike, daidai. Ya auna farfela, daidai. Ya leƙa kujerar matuƙi ya ga har igiyoyin ɗaure kafaɗa da maɗaurinsu, na ji ya ja numfashi. Ya ƙirga haƙarƙarin bayan jirgin ta cikin yadin, bakinsa yana motsi. Sannan ya sunkuya kan madubin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba Tickner," ya ce, "me ya sami cikin jirgin nan?"

"Zagayo ta wancan kunnen, Malam. Wannan Jamusawa sun riga ka."

Ya zagayo. "Na ce wane launi ne wannan?"

"Launin cikin jirgin Mista Larwood."

Ya buɗe katinsa ya kara kusa da madubin. "Ga launin da doka ta ce a shafa tun watan Yuni na 1940. Ruwan ƙwan agwagwa, mai ɗan kore. Naka shuɗi ne." Ya sa gilashinsa ya ƙara dubawa. "Har ƙyalli yake yi, kamar an barbaɗa masa sukari. Jirgin yaƙi ne wannan ko motar kai amarya?"

Aka yi dariya. Na bar su suka gama.

"Doka ta ce a shafa," na ce, "amma doka ba ta aiko da fentin ba."

Na gaya musu yadda aka yi. Umarni ya zo da safe, wai kafin rana ta faɗi cikin kowane jirgi ya bar baƙi da fari ya koma sabon launi. A sito kuwa babu ko gwangwani ɗaya. Sajenmu ya ce, Tickner, ka taɓa ganin ƙwan agwagwa? Na ce na ci ma. Ya ce to dama mana. Na zuba fari, na ɗiga shuɗin da muke zana tambarin fiffike da shi, rawaya kuwa ɗan abin da ya rage a gindin gwangwani ne, bai cika cokali uku ba. Bokitin kuma wanda muka dama fentin azurfa a ciki ne, ba lokacin wanke shi. Ƙyallin nan daga nan ya fito. Jirage huɗu na shafe da shi, kuma da na gaske ya iso ba wanda ya sami sukunin sakewa.

Malam Pettifer ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa mara lafiya.

"Labari ne mai daɗi, Baba. Amma babu shi a littafi ko ɗaya, kuma na karanta su duka. Shekara talatin da takwas fa ke nan. Ido yana mantuwa. Ba laifinka ba ne, shekaru ne."

Har ya dafa mini kafaɗa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ai bara ma cewa ya yi shi ya koya wa matuƙin tuƙi!" Aka sake shewa. Ƙarya ce, abin da na ce shi ne na koya masa yadda zai sauka ba tare da ya taka mini sabon fenti ba.

Da cewa ya yi aikina bai yi kyau ba, da na yi dariya na tafi gida, don na san ido gare shi. Amma a ce abin da na dama da hannuna ƙagowa na yi, a kuma tausaya mini a kai, a gaban mutanen da ba su taɓa jin warin jirgi ba, wannan ban iya haɗiye shi ba.

"Malam," na ce, "gobe bayan coci ka zo da katinka. Zan kai ka inda fentin nan yake, na 1940, wanda na shafa da kaina. In ya bi katinka, zan ajiye jirgin nan a ƙasa in taka shi da takalmina kana kallo, kuma ba za ku sake ganin ƙafata a zauren nan ba. In ya bi nawa, ka tsaya a nan inda kake tsaye ka faɗa da bakinka."

"Haba Baba, ai ba sai an kai ga haka ba."

"An riga an kai."

A waje abokina Cyril Boorman ya ja ni gefe. Tare muka yi soja, shi yana ɓangaren inji, bayan yaƙi ya yi shekara talatin yana raba madara gida-gida, har yanzu tsohuwar motar madarar ce motarsa.

"Kai Horace, ka haukace ne? Ina za ka samo fentin 1940? A aljihu ka ajiye?"

"Ka tuna saukar Mista Larwood ta ƙarshe?"

"Ranar da ya zo a kan cikinsa a gonar tuffa? Ya fito da ƙafarsa yana zagin itatuwan?"

"Gonar tsoho Hukins. Kai kana asibiti lokacin, ni aka tura da babbar mota mu kwaso jirgin. Wani falle ya yage daga ƙarƙashin fiffiken hagu, tsohon ya ja shi bayan rumbu ya rufe da ciyawa. Doka ta hana taɓa ko ƙusa ɗaya. Na gani, ya ga na gani. Ya ce ɗakin kajinsa ne ya ɓule, dila na shiga. Ya miƙo mini ƙwai dozin guda, sai na manta na gani."

Cyril ya cire hularsa ya sosa sanƙo. "Ɗakin kaji. Ka ɗora aikin shekara biyu a kan ɗakin kaji na shekara talatin da takwas. In an rushe shi fa?"

"Manomin yankinmu na Kent ba ya rushe abin da bai faɗi da kansa ba."

Haka na gaya masa, da ƙarfi kuwa. Amma gaskiya ban sani ba. Tun ranar ƙwan nan ban sake taka gonar ba. Da na isa gida na gaya wa Queenie, ko ɗago kai ba ta yi daga fere dankali ba. Ta ce, "In za ka taka shi, ka ciro mini hankicina tukuna."

Ranar Lahadi muka tafi mu uku a motar madara. Ni a tsakiya da jirgin a akwati a kan cinyata, Malam Pettifer a bakin taga cikin kwat ɗinsa na coci da takalmi mai sheƙi. Hanya duk laka ce, an kwana biyu ana ruwa. Sau biyu Malam yana cewa mu juya, wai shi bai riƙe ni da komai ba.

"Malam, bar shi," in ji Cyril. "Mutumin nan ƙasa ta rufe shi ta gaji ta tofo shi. Kai ne zai ji maganarka?"

Tsoho Hukins ya daɗe da mutuwa. 'Yarsa Enid ce ke riƙe da gonar, wadda na sani 'yar shekara goma sha biyar mai kitso biyu, yanzu ga ta ƙatuwar mace cikin takalmin roba, da bokitin dusa a hannu. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Na gane ka. Kai ne ɓarawon ƙwai."

"Ba sata ba ce, Enid, toshiyar baki ce. Babanki ne ya miƙo."

"Sai ka je bayan coci ka kira shi shaida, yana nan kwance ba inda zai je. Sati biyu muka yi ba mu ci ƙwai ba saboda kai. Me ya kawo ku, kai da mai madara da wannan mai kama da ɗan haraji?"

Malam Pettifer ya cire hula ya fara yi mata bayani, uwargida kaza, uwargida kaza. Ta katse shi ta nuna bayan rumbu da haɓa.

Ɗakin kajin yana nan. Ya karkace kamar mashayi ya jingina da itacen tuffa, amma yana nan. Fallen kuwa shi ne rabin bangon baya daga ƙasa. Daga waje an sha shafe shi da kwalta har ya yi kauri, gefen fentin ciki yake kallo, wajen kajin. Cyril ya buga ni a baya har na yi tari.

"Kada ku cire mini bango," in ji Enid. "Mai son gani ya shiga."

Ta kawo ruwan ɗumi da sabulu da tsumma. Na rarrafa na shiga, Malam Pettifer ya dubi kwat ɗinsa, ya dubi ƙofar, ya biyo ni. Wannan na yaba masa. Kaji suka tashi a kanmu suna kuka, warin kashinsu ya shiga idona har hawaye ya zubo. Na jiƙa tsumma na goge wuri kamar faɗin tafin hannu. Kashi ya fita, datti ya fita, na ci gaba da gogewa a hankali har fenti ya bayyana. Cyril ya buɗe ƙofar sosai don haske ya shigo.

Kore ne. Kore mai ruwan rawaya, ba ƙyalli ko kaɗan.

Malam Pettifer ya buɗe katinsa ya kara. Bai yi daidai da nasa ɗari bisa ɗari ba, amma ko makaho zai ce ya fi kusa da katin bisa ga jirgina.

Muka fito. Malam Pettifer yana kakkaɓe gashin kaji daga gwiwarsa, bai ko kalle ni ba.

"Baba," ya ce a hankali, "na yafe alƙawarin. Ba wanda zai ji daga bakina. Mu tafi gida."

"Ni ban yafe ba."

Na buɗe akwatin, na ɗauko jirgin na ajiye shi a kan dutsen da ke bakin rijiya. Ya tsaya a kan tayoyinsa, hancinsa sama, kamar yana jiran a tayar da inji. Cyril ya ce, "Horace, don girman Allah." Na ce ya matsa. Ban taɓa yin alƙawari na janye ba, ko ga mutum ko ga dabba. Na tsaya a kansa. Idona har lokacin yana yaji daga warin ɗakin nan, na sa hannun riga na goge don in ga inda zan taka, sai idona ya faɗa kan ƙofar ɗakin kajin da Cyril ya bari a buɗe. Cikinta rawaya ne kamar man shanu.

"Enid," na ce, "ƙofar nan ta ciki, wane launi kika shafa mata?"

"Fari mana. Shekara huɗu ke nan. Haka suke komawa."

Haka suke komawa. Duk wanda ya taɓa yi wa bargar doki fenti ya san wannan, ni kuma na yi wa barga fenti tun ban kai tsawon jaki ba. Warin da ke sa ido hawaye shi ne yake cin farin fenti ya mayar da shi rawaya. Fentina kuwa kusan duka fari ne da ɗigon shuɗi. Ka zuba wa shuɗi rawayar shekara talatin da takwas, me za ka samu? Na kusa taka aikin hannuna saboda kashin kaji.

"Malam, abin da muka gani launin kaji ne, ba nawa ba. Akwai katako da tsohon ya buga a kan fallen, wanda sandar kwanan kajin ke zaune a kai. Tun ranar da aka buga shi iska ba ta shiga ƙarƙashinsa ba. Can za mu duba."

Ya ce, "Baba, kada mutane su ce hanyar fita kake nema."

"In ƙarƙashin ma kore ne, kai da kanka ka taka, takalminka ya fi nawa sabunta."

Enid ta ce sai dai a fito da fallen gaba ɗaya, don in aka ɓamɓare katakon a ciki bangon zai biyo shi. "Amma ku ji da kyau, kafin kajina su shiga kwana ina son bango a wurin. In dila ya ɗauki ko ɗaya, ɗan harajin nan zan dafa."

Cyril ya ɗauko guduma da ƙarfen cire taya daga mota. Ƙusoshin sun yi tsatsa, wasu sun karye, wasu sai da muka yi musu dabara. Mun fi rabin awa. Da fallen ya saki muka ɗauko shi mu biyu muka shimfiɗa a kan ciyawa, gefen fenti sama. Ban san nauyinsa zai dawo mini a hannu haka ba. Ga layin ƙusoshin fiffike, ga inda itace ya yage shi, bakin ya nannaɗe kamar ganye. Rana ta ɗan fito daga cikin hadari.

Na miƙa wa Malam Pettifer ƙarfen. "Kai za ka ɗaga katakon, don kada a ce na shafa wani abu."

Ya durƙusa a cikin laka da wandonsa na coci, ya cusa bakin ƙarfen ya danna. Katakon ya yi ƙara, ya ɗago ta gefe ɗaya, sannan ya ɓalle gaba ɗaya ya kife.

Ƙarƙashinsa wani layi ne mai faɗin yatsa uku, daga wannan baki zuwa wancan, tsaf kamar jiya aka shafa. Shuɗi. Shuɗi mai haske kamar sama da safe bayan an ɗauke ruwa, har sawun burushina yana nan, daga hagu zuwa dama yadda nake ja. Da rana ta bugi wurin sai ga shi yana walƙiya ɗigo-ɗigo, azurfar bokitin da ban wanke ba.

Cyril ya jefa hularsa sama ya kurma ihu har kajin suka watse. "Sukari! Malam, ga sukarinka nan, kawo shayi!"

Na je na ɗauko jirgina daga bakin rijiya, na juya shi ciki sama, na riƙe shi kusa da layin. Malam Pettifer ya ciro gilashinsa, ya duba fallen, ya duba jirgin, ya sake duba fallen. Katin yana aljihunsa, bai ko taɓa shi ba.

"Naka ya ɗan fi haske," ya ce daga ƙarshe. "Da ƙyar ake ganewa."

"Da gangan. Ƙaramin abu in ka ba shi launin babba sai ya yi duhu a ido. Wannan ai yana littafinka."

"Yana ciki," ya ce. Ya zauna a kan bokitin dusar Enid da ke kife, kashin kaji a kafaɗarsa, laka har gwiwa, fuskarsa tana haske kamar shi ya ci gasar. "Baba Tickner, ka san abin da ke gabanmu? Ba wanda ya san da wannan. Shekara talatin da takwas a cikin kanka, da ido kawai, ba kati ba komai. Yaya aka yi?"

"Ni na dama shi, Malam. Kai kana manta miyar da ka dafa?"

Ya roƙi Enid ta ba shi fallen a kai gidan tarihi. Ta ce a kai shi duk inda ake so, ita bango take so. Muka samo tsohon kwanon rufi a bayan rumbu, ni ina nunawa, Cyril yana riƙewa, malamin labarin ƙasa yana buga ƙusa, sau uku yana bugun babban yatsansa. Da muka gama Enid ta fito da shayi da burodi da cuku. Ƙwai kuwa ta ce ni kam na ci rabona tun 1940.

Ranar Alhamis da ƙungiya ta haɗu zauren ya cika har da waɗanda ba sa zuwa sai gasa. Malam Pettifer ya jingina fallen a kan teburi, ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar Asabar. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Na ce Baba Tickner ya manta. Bai manta ba. Ni ne ban sani ba, littattafaina ma ba su sani ba. Cikin jirgin nan daidai yake." Na sa ya maimaita, na ce ta kunnen hagu ya faɗa ban ji ba. Ya maimaita da ƙarfi, zauren ya ɗauki tafi. Wanda ya ce wai na koya wa matuƙi tuƙi yana can baya yana duba igiyar takalminsa.

Kofin gasar an riga an ba wani likitan haƙori tun ranar Asabar, a kan wani jirgin roba mai tsabta kamar bai taɓa tashi ba. Suka ce za a karɓo a ba ni. Na ce a bar masa, yana da wurin ajiyewa a ofis, marasa lafiya su riƙa kallo.

Abin da ban zata ba shi ne kwalabe. Kusan kowa ya zo da 'yar kwalbar zuma ko ta magani a aljihu, wai a sam masa launin. Malam Pettifer ya ciro biro da littafi.

"Baba, ba mu ma'aunin. Fari cokali nawa, shuɗi ɗigo nawa?"

"Ban auna ba a 1940, ba yau zan fara ba. Ajiye biron nan ka cire kwat."

Aka kawo gwangwanayen fenti da kwano, na sa ya naɗe hannun riga. Manyan mutane wajen talatin suka yi da'ira, likita da lauya da mai banki, ba mai tari. Ya zuba fari. Na ce ɗiga shuɗi. Ya ɗiga, ya dama. Na ce ƙara. Ya ƙara. Na ce rawaya, kaɗan, kamar kana jin tsoronta. Sannan azurfa a bakin tsinke.

Ya dama, ya dama, gumi yana zubo masa, ya ɗago sandar ya dube ni. "Ya yi?"

Na duba kwanon, na duba fallen. Ya yi tun ɗazu.

"Da saura, Malam," na ce. "Ci gaba da damawa."